Mintuna Goman Farko: Sun Isa a Yanke wa Fim Hukunci?

  Iyayenmu mata da ke tsakar gida, ina gaishe ku. Direbobin da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. 'Yan majalisa da kuka kewaye mai shayi, a ajiye mini nawa kofin. Ku kuma samari da 'yan mata da kanku ke sunkuye a kan waya, ku ɗan ɗago. Maganar yau ta fi shafar ku.

Yau zancen fim za mu yi. Ga yadda abin yake faruwa. Ka dawo gida a gajiye. An kawo wuta. Ka kunna fim ɗin da aka tura maka. Minti biyar, minti goma, ranka ya ɓaci. Jarumin mugu ne. Ko marowaci. Ko mara kunya, mai ɗaga wa iyayensa murya. Ka yi tsaki, ka danna rimot, ka kashe. Washegari a majalisa aka ɗauko zancen fim ɗin. Sai ka gyara zama ka ce, "Ai na gan shi, fim ɗin banza ne."

To, ka gan shi ɗin? Ka yi masa adalci?

Ba zan ja muku rai ba. Ga matsayina tun daga farko. Kashe fim haƙƙinka ne. Yi masa shaida kuwa, sai ka kalle shi. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta dawowa kansa.

Bari in fara da kaina, tunda an ce laifi tudu ne.

Shekarun baya, lokacin da ake yayin faifai, wani ƙanena ya kawo mini fim. Ya ce, "Yaya, ga wani na Afirka ta Kudu, har kyautar Oscar ya ci." Sunan fim ɗin Tsotsi. Ya fito a 2005. Gavin Hood ne ya ba da umarni, kuma daga littafin Athol Fugard aka ɗauko labarin. A can, tsotsi na nufin ɗan daba. Da dare na zauna na kunna.

Samari huɗu ne a wata unguwar talakawa, a gefen birnin Johannesburg. Sun gama caca, suka nufi tashar jirgin ƙasa. Suka hango wani magidanci ya zaro ambulan na kuɗi zai yi sayayya. Suka bi shi cikin tarago. A cikin cunkoso suka kewaye shi. Ɗayansu ya soka masa tsinin ƙarfe. Bawan Allah ya mutu a tsaye, fasinjoji ba su ma sani ba. Da aka watse, aka bar gawarsa yashe a ƙasa.

Abin bai tsaya nan ba. Suka wuce mashaya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Boston, kisan ya tsaya masa a rai. Ya sa shugabansu a gaba da tambayoyi, ko ya san mutunci, ko yana da uwa da uba, ko ma yana da sunan yanka. Shugaban nasu, wato Tsotsi, ya hau shi da duka har ya farfasa masa fuska.

Nan na kashe. Na ce a'a, ba da ni ba.

Da safe na mayar wa ƙanena faifansa. Na ce, "Kai, wannan ai makarantar koyon daba ce." Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka ga jaririn?" Na ce, "Wane jariri?" Sai ya yi dariya, ya miƙo mini faifan.

Masu sauraro, ashe 'yan mintoci kaɗan suka rage in iso kan labarin. Bayan dukan nan, Tsotsi ya ruga cikin ruwan sama har unguwar masu kuɗi. Ya tarar da wata mata a bakin get. Ya harbe ta, ya gudu da motarta. Can a hanya ya ji kuka a kujerar baya. Jariri ne.

Daga nan fim ɗin ya zama wani abu dabam. Ɗan daban da bai san darajar rai ba, ga shi da rai a hannu. Ya saka jaririn a jakar takarda irin ta kanti, ya kai shi ɗakinsa na langa-langa. Ya yi masa ƙunzugu da jarida. Ya ɗura masa madarar gwangwani. Ya fita ya dawo, ya tarar tururuwa sun rufe fuskar yaron. Ya rasa yadda zai yi. Sai ya bi wata mai goyo da ya gani a layin famfo, ya nuna mata bindiga, wai ta shayar masa da yaro. Ku ji fa. Neman taimako ma bai iya shi ba sai da bindiga, domin ita kaɗai ce harshen da ya sani.

A hankali aka nuna mana inda ya fito. Uwa tana kwance ba lafiya. Uba mashayi, wanda ya shuri karen yaron ya karya masa baya a gabansa. Yaro ya gudu, ya girma a cikin bututan siminti tare da marayu. Sunansa na yanka David.

Fim ɗin bai wanke shi ba. Mutumin cikin jirgi ya mutu, bai dawo ba. Uwar jaririn ta koma kan keken guragu. Amma daga ƙarshe Tsotsi ya ɗauki yaron, ya taka da ƙafarsa har bakin wancan get ɗin. Abin da ya faru a wurin ba zan faɗa muku ba. Ni dai da aka gama, na daɗe zaune ban tashi ba. Kunya ta kama ni. Jiya-jiya na gama zagin fim ɗin, alhali ko kashi ɗaya cikin biyar ban gani ba.

Yanzu bari mu tambaya. Me ya sa mai shirya fim zai fara da abin da ya san zai ɓata wa mai kallo rai?

Dalilin a fili yake. Labarin tuba ba ya yiwuwa sai an nuna laifi. Idan ana so ka ga nisan da mutum ya yi, dole a nuna maka inda ya taso. Da a ce Tsotsi ya fito tun farko yana tsallakar da tsofaffi titi, ɗaukar jaririn nan ba za ta girgiza kowa ba. Muguntar farko ita ce ta ba wa tausayin ƙarshe nauyi.

Ga misali na biyu, kuma wannan mutum ne na gaske. Fim ɗin Malcolm X, wanda Spike Lee ya shirya a 1992, Denzel Washington ya fito a matsayin Malcolm. Fim ne mai tsawo, ya haura awa uku. Wanda ya zauna da niyyar ganin babban mai fafutuka, Musulmi, mai kaifin harshe, zai sha mamaki. A kusan awar farko, wani saurayi ɗan gayu za a nuna maka. Yana shagon aski ana shafa masa wani haɗi mai ƙona fatar kai, don gashinsa ya kwanta irin na Turawa. Ga rawa, ga caca, ga ƙwaya, ga mata, ga fasa gidajen mutane. Har aka kama shi aka ɗaure.

Wanda ya kashe a nan zai ce an ci mutuncin Malcolm. Amma ai haka rayuwarsa ta kasance, kuma shi da kansa bai ɓoye ba. A kurkuku ya duƙufa kan karatu. Ya fito wani mutum dabam. A 1964 ya yi aikin Hajji, ya dawo da suna Alhaji Malik El-Shabazz. A shekarar ce ma ya zo Najeriya, ɗalibai a Ibadan suka laƙaba masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. A watan Fabrairun 1965 aka harbe shi a New York yana kan mumbari. Idan ka ga shi sanye da harami a cikin fim ɗin, abin da ke sa tsigar jikinka ta tashi shi ne ka tuna wancan saurayin na shagon aski. Wanda ya tsallake farkon ya rage wa kansa daɗin ƙarshen. Wanda ya tsaya a farkon kuwa bai ga komai ba.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku tuna dandalin tatsuniya. Gizo maƙaryaci ne. Ga haɗama, ga cuta, har matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga sharrinsa ba. Amma wane yaro ne ya taɓa tashi ya ce shi ba zai saurara ba, saboda Gizo ba shi da hali? Kowa na zaune, ana jira a ga inda ƙaryar za ta kai shi. Ba mai motsawa sai an ce ƙurunƙus. Kakanninmu sun san mugun hali a bakin labari ba ya nufin labarin mugu ne. Mu ne da muka samu rimot muka manta.

To, masu sauraro, bari mu juya abin ta ɗaya gefen. Idan farko mai ɗaci ba hujja ba ne, farko mai zaƙi fa?

Shi ma ba hujja ba ne. Hasali ma ya fi saurin yaudara, domin dabara ce da ake koyarwa. A Amurka wani marubucin fim mai suna Blake Snyder ya fitar da littafi a 2005. Sunan littafin Save the Cat, ma'ana ka ceci kyanwa. Shawarar da ya ba marubuta ita ce, tun a fitowar farko a sa jarumi ya yi wani ɗan abin kirki, ko da ceton mage ne, don mai kallo ya so shi. Da zarar ka so shi, an kama ka. Duk abin da ya yi daga baya za ka nema masa uzuri. Yau kuma gasar ta ƙara zafi. Masu ɗora fim a YouTube suna ganin daidai daƙiƙar da mutane ke guduwa. A farkon 2020 kamfanin Netflix ya sanar cewa wanda ya kalli minti biyu na fim, a lissafinsu na lokacin ya shiga cikin masu kallo. Minti biyu fa. Don haka kowa ya duƙufa wajen ƙawata bakin ƙofa. Abin da ke cikin ɗaki kuwa, oho.

Ga wani tsohon misali mai ban tsoro. A 1915 aka yi wani fim a Amurka mai suna The Birth of a Nation. Sashensa na farko cike yake da ziyara tsakanin iyalai biyu. Samari da 'yan mata, fara'a, soyayya. Kai ka ce fim ɗin zumunci ne. Amma inda ya dosa shi ne nuna baƙar fata a matsayin abin tsoro, da mayar da ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kashe baƙar fata, gwarazan da suka ceci ƙasa. A shekarar da fim ɗin ya fito aka sake farfaɗo da ƙungiyar. Wanda ya yaba wa wannan fim saboda murmushin farkonsa ya yabi guba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Na san akwai mai saurare da ke cewa, "Malam, dakata. Ba Hausawa ne suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta ba?" Gaskiyarka. Ban ƙi ta taka ba. Farkon fim yana faɗin abubuwa da yawa. Sai dai a san abin da ake dubawa.

Abin da farkon fim zai iya gaya maka shi ne ko masu aikin sun iya aikinsu. Idan sauti na shiga yana fita, ka gane. Idan aka shafe minti bakwai ana nuna mota tana shiga get, maigadi na rugawa, ana buɗe ƙofa, ana gaisawa, ana tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ka gane. Wannan jan lokaci ne, kuma da wuya wanda ya fara da shi ya daina a tsakiya. A nan karin maganar Laraba ta yi aiki.

Abin da farkon fim ba zai gaya maka ba shi ne inda labarin ya dosa. Kuma a nan ne muke yawan kuskure. Muna haɗa mugun mutum a cikin fim da mugun fim. Abu biyu ne dabam. Zan sake faɗa. Mugun mutum a cikin fim dabam, mugun fim dabam.

To ta yaya za a bambance? Ga wata 'yar ma'auni da na koya daga kuskurena. Da na koma na sake kallon Tsotsi daga farko, sai na ga wani abu da ya wuce ni a karon farko. Bayan kisan cikin jirgi, Boston ya fita ya yi ta amai. Wannan aman ba a banza aka sa shi ba. Mai fim ɗin ne ke gaya mini cewa ƙyamar da na ji, shi ma ya ji ta. Ya san abin da ya nuna mummuna ne. Yana tare da ni, ba ya tare da mai tsinin ƙarfe. Alamar tana nan tun a mintunan farko. Fushi ne ya rufe mini ido.

Saboda haka idan fitowar farko ta ɓata maka rai, ka tambayi kanka, shi mai fim ɗin a ina ya tsaya? Ana nuna miji yana marin matarsa. To, kyamara fuskar wa ta bi? Ta matar da ke hawaye, ko ta mijin da ke huci kamar gwarzo? Wane irin kiɗa aka sa a ƙasa, na jimami ko na barkwanci? Ana nuna mai in'ina, ko gurgu, ko baƙauye. Ana so ka tausaya masa ne, ko an kawo shi ne don ka ƙyalƙyale da dariya? Idan fim yana jin daɗin wulaƙancin da yake nunawa, yana ja maka shi, yana lasar baki, to wannan Laraba ce ta gaske. Ba sai ka jira Juma'a ba.

A nan zan ɗan ratse, in taɓa namu na gida. Masu shirya fina-finan Hausa sukan ce faɗakarwa suke yi. Sukan ce ba a gyara ɓarna sai an nuna ta. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita nake karewa tun ɗazu. Amma wasu sun mayar da ita lasisi. Za a shafe awa biyu ana sheƙe aya. Gidaje na alfarma, motoci, holewa, duk an ƙawata su har yaro ya ji ina ma shi ne. Sai saura minti biyar a tashi, a kawo hatsarin mota, ko ciwon ajali, ko malami ya yi nasiha. Jarumi ya fashe da kuka. Tammat. Wannan tuban minti biyar ba ya goge awa biyu. Yaron da ya kalla motar zai tuna, ba nasihar ba. Ke nan ƙarshe shi kaɗai ma ba ya wanke fim, kamar yadda farko shi kaɗai ba ya kayar da shi. Duka ake haɗawa a auna.

Yanzu mu dawo kan rabin farko na maganata. Na ce kashe fim haƙƙinka ne, kuma da gaske nake.

Ba wanda ya ɗora maka kallon fim. Ba farilla ba ne, ba sunna ba. Lokacinka ne. Kuɗin datarka ne. Cajin wayarka ne, wanda wataƙila sai da ka biya aka yi maka. Idan kana zaune a falo da 'ya'yanka aka fara nuna abin da bai dace da idonsu ba, kashe. Kada ka tsaya jiran darasin da ke ƙarshe. Tsotsi ɗin nan da nake yabo, ba zan kunna shi a gaban ƙananan yara ba. Idan ke uwa ce da ta taɓa rasa ɗa, aka buɗe fim da gawar yaro, ba wanda zai ce ki daure. Zuciya tana da abin da za ta iya ɗauka. Kuma fina-finai masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, sun canza lissafin. Ba mai hankalin da zai ce sai ka bi shiri shekara da shekaru kafin ka ce bai yi maka ba. Kashi biyu ko uku sun isa ka san ko za ku shirya.

Duk wannan na yarda. Inda muke rabuwa shi ne abin da za ka faɗa bayan ka kashe. "Ban iya ƙarasawa ba" magana ce ta gaskiya. "Farkonsa bai yi mini ba" ita ma gaskiya ce. Amma "fim ɗin banza ne, yana ɓata tarbiyya, a hana shi" wannan shaida ce. Shaida kuwa ba a yin ta sai a kan abin da ido ya gani. Ko a kotu, alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mai ƙara kaɗai.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a zamanin nan. Da can, a Plaza ko Marhaba ko El Dorado a Kano, mutum ya sayi tikiti ya shiga. Kuɗinsa sun riga sun fita, don haka zai zauna. Ko bos ya fi ƙarfin jarumi a farko, zai jira a zo faɗan ƙarshe. Yau kuwa ko mintuna goman ma ba ma bayarwa. Wani zai yanko daƙiƙa talatin daga tsakiyar fim, ya ɗora a TikTok ko WhatsApp. Ba abin da ya gabata, ba abin da ya biyo baya. Kafin la'asar an yi wa jaruma Allah ya isa. An zagi iyayen darakta. Ana kiran hukumar tace fina-finai ta ɗau mataki. A cikin masu zagin, nawa ne suka kalli fim ɗin? Wani lokaci fitowar da aka yanko ita ce ainihin abin da fim ɗin ke yaƙa.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Da yawanmu mun san fim ɗin The Message, wanda Larabawa ke kira Ar-Risala. Mustapha Akkad, haifaffen Siriya, shi ya shirya shi a 1976, kan tarihin farkon Musulunci. Akkad ya kiyaye. Bai nuna fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Bai sa muryarsa ba. Fitaccen ɗan wasan nan Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza ya fito. Amma tun kafin mutane su gani, jita-jita ta bazu cewa a matsayin Annabi ya fito. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutane fiye da ɗari a birnin Washington. Suna da buƙatu da dama, kuma ɗaya daga ciki ita ce a dakatar da nuna fim ɗin. Har rai aka rasa. Yau ga shi fim ɗin nan ana kallonsa a gidajen Musulmi a ko'ina, ana hawaye.

Kuma ku lura da wani abu. A sashen farko na wannan fim, Makka ta jahiliyya ake nunawa. Gumaka, masu bautarsu, cinikin bayi. Ana nuna Bilal kwance a rana an ɗora masa dutse a ƙirji. Da wani zai yanko wurin gumakan nan kaɗai ya watsa a waya, me za a ce? Za a ce ana tallar shirka. Alhali fim ɗin gaba ɗaya labarin rushe gumakan ne.

Shi ya sa nake maimaitawa. Kashe fim haƙƙinka ne. Yi masa shaida kuwa, sai ka kalle shi.

Ku kuma masu shirya fim, kada ku ji daɗi da yawa. Ban ba ku takardar izinin gallaza mana ba. Idan za ku fara da ɗaci, ku ba mu dalilin zama. Ku bar mana alama, ko da ƙarama ce, cewa kun san inda za ku kai mu. Mai kallo ya ba ku aron lokacinsa ne, kuma yana da damar karɓe abinsa.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Ga roƙona gare ku a wannan mako. Kowa yana da fim ɗin da ya kashe cikin fushi. Idan ba na batsa ba ne, kuma ba abin da zai cutar da zuciyarka, ka nemo shi. Bari yara su yi barci. Ka ƙara masa rabin awa, ka duba inda mai fim ɗin ya tsaya. In ya ci gaba da ɓata maka rai, kashe abinka, ba ka da laifi. In kuma aka turo maka guntun bidiyo ana neman ka taya zagi, riƙe yatsanka tukuna. Tambayi wanda ya turo, "Kai ka kalli fim ɗin?" Gobe in an ɗauko zancen a majalisa, wanda bai kai ƙarshe ba ya daure ya ce bai kai ba.

Ƙanena, in kana saurare, faifanka yana nan a wurina, ka zo ka karɓa.